Takabar Iya da Asabar ɗin Zaɓe

Ina neman afuwar duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa. Ban kai in yi rubutu ba, na sani. Shekarata goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma a gidanmu da ke unguwar Kwarbai ko gaisuwa na durƙusa yi sai an ce in ɗaga murya. Sau uku ina fara wannan labari ina yage takardar. Abin da ya sa na daure a karo na huɗu shi ne, kowa a gidan ya ɗauka ya san yadda abin ya faru, alhali rabinsa kawai ya sani. In kun ga kuskure nawa ne, kada a ɗora wa malamaina. Sunana Tayyiba.

Kakana na wajen uba, Malam Aƙilu, ya rasu wata Talata da hantsi, kwana goma bayan Maulidi. Shi ne mai riƙe wa gidanmu kwanan wata. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango, kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya rubuta kwanan watan Musulunci da ajami, a gefensa kuma abin da ya faru: an yi ruwa, akuyar Iya ta haifi biyu, wane ya dawo daga Makka. Duk mai son sanin nawa ga wata, har maƙwabta, Malam ake aiko a tambaya. Da ya rasu an yi kukan abubuwa da yawa da aka rasa, amma ba wanda ya tuna da wannan. Kowa yana da waya a aljihu.

Matarsa, kakata Iya Hajo, ta shiga takaba. Ta ajiye turare da kwalli, ta ɗaura zane ɗaya mai duhu, ba ta ko leƙa zaure. Ranar addu'ar bakwai wani daga cikin dangi ya tambayi yaushe za ta fita. Babana, Alhaji Nasiru, shi ne babban ɗa, ma'aikacin ofis ne mai son a yi komai a kan tsari. Ya zaro waya a gaban jama'a ya lissafa: sha takwas ga Oktoba Malam ya rasu, wata huɗu ya kai sha takwas ga Fabrairu, a ƙara kwana goma, ashirin da takwas ke nan. Aka duba, sai ga ta ta faɗo Talata. Mutane suka yi ta jinjina kai, suna cewa Talata ya tafi, Talata za ta fita, ikon Allah. Daɗin wannan dacewar ya sa ba wanda ya sake dubawa. Baba ya zagaye ranar da jan biro a kalandar falonsa, ya aika wa dangin ƙauye su zo sadaka.

Zaɓe kuwa ranar Asabar aka sa, ashirin da biyar ga wata. Kwana uku kafin Talatar.

Sai kun san Iya da zaɓe kafin ku gane nauyin kwana ukun nan. Tana amarya mai shekara kamar tawa aka yi wani babban zaɓe, a zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a. Ta sha ba ni labari: ita ta dama furar da mazan gidan suka sha kafin su fita, ita ta kai musu ruwan wanke hannu da suka dawo. Sai a shekarar saba'in da tara, tana da 'ya'ya huɗu, ta fara jefawa. Malam da kansa ya shige gaba tana biye har makarantar firamaren unguwa, kuma an fi wata ana maganar a majalisu, wai Malam Aƙilu, duk karatunsa, ya fito da matarsa layi. Tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. Ta yi zaɓen da ake tsayawa a bayan hoton ɗan takara a ƙirga kawuna. Ta yi wanda aka kai ta a bayan babur tana rawar sanyin zazzaɓi. Kuma ban da na bayan hoton, wanda ba ya ɓoyuwa, ba ta taɓa faɗa wa kowa wanda ta zaɓa ba, har Malam, da ya yi shekara arba'in yana tsokanarta a kai.

Ranar Laraba bayan la'asar mazan gidan suka zauna a zaure. Akwai Baba, da ƙannensa Baffa Yakubu da Baffa Auwal, da autansu Baffa Suhaib mai koyar da shari'a a jami'a, can Kongo. Akwai kuma Baba Bahago, aminin Malam tun suna yara, maɗinkin riga, wanda bai daina zuwa ya zauna a gurbinsa na kullum da ɗinkinsa ba ko bayan rasuwar. An aike ni da kunu. Na ajiye, na koma bayan asabarin ƙofar ciki don in jira kwanuka. Ba laɓe na yi niyya ba, amma na ji.

Baffa Suhaib ne ya taso da maganar. Ya ce Iya ta sa an tambaye shi ko rumfar zaɓenta tana nan inda take. Ya ce a littattafan fiƙihu mai takaba tana iya fita da rana don buƙata ta dawo ta kwana a ɗakinta. Baba ya ce ya san wannan, amma zaɓe ba asibiti ba ne. Ƙuri'a ɗaya ce cikin miliyoyi, ba za ta ɗora wani ba, ba za ta sauke wani ba. Abin da mutanen Kwarbai za su riƙe har abada shi ne, 'ya'yan Malam Aƙilu sun kasa haƙurin kwana uku. Baba bai gama jimamin mahaifinsa ba, ko da yake ba ya nunawa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai ya ce, tunda zamanin dimokuraɗiyya ake ciki, a ɗaga hannu. Wanda ya ga Iya ta zauna a gida ya ɗaga. Ta ramin asabari na ga hannu uku.

"Shi ke nan, rinjaye ya yi magana," in ji Baba.

"Yaya, ƙasar nan fa jamhuriya ce," in ji Baffa Suhaib.

"To, lauya ya tashi. Ku gyara zama," in ji Baba.

Daga nan suka bar maganar Iya suka kama wata. Baba ya ce shi ma yana ganin kalmar a saman kowace takardar ofis, amma suna ne kawai. Abin da rediyo ke faɗa kullum, abin da har hutu ake yi dominsa, dimokuraɗiyya ne, kuma ma'anarta masu yawa su yanke, marasa yawa su bi. Baffa Suhaib ya ce ba kishiyoyin juna ba ne, ƙasa tana iya zama duka biyun. Dimokuraɗiyya ita ce jama'a su zaɓi mai mulkinsu. Jamhuriya kuwa ita ce ƙasar ba gadon gidan kowa ba ce, kuma akwai rubutacciyar doka da ta hau kan kowa, har masu rinjayen. Ya ce in mutum goma suka ɗaga hannu a kan a tuɓe wa Yaya rigarsa, ta zama tasu? Baba ya ce a bar rigarsa inda take, nan zaure ne ba kotu ba. Baffa Auwal ya ce shi dai duk sunan da aka sa mata, taki bai sauko ba. Aka yi 'yar dariya.

Baba Bahago bai ɗago daga ɗinkinsa ba duk wannan lokaci. Baba ya juya ya ce bai ga hannunsa ba, a wane ɓangare yake?

"Hannuna yana da aiki," ya ce, yana jan zare da hagunsa. "Jamhuriya huɗu na gani, kowace da lambarta kamar motar haya. Amma Nasiru, na ga an ƙirga hannu uku a nan. Na wadda ake magana a kanta yana cikin gida."

Aka kira ni in kwashe kwanuka.

Washegari Alhamis da hantsi Baba ya aike ni in kai wa Iya hukuncin. Ni ake aika tsakaninsu kullum, saboda Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa ta amsa kamar da bango take. Shekararsa hamsin da bakwai kuma haka suke tun yana goye.

Na same ta a kan tabarma da carbi. Na faɗa mata ina kallon ƙafafuna. Ta ce to. Jim kaɗan ta ce in jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe a wani tsohon ɗankwali, akwai katunan zaɓenta duka: na takarda da suka yi ja, wanda aka manne da leda, da na roba mai hotonta tana harara saboda hasken na'ura. Ta jera su a kan tabarma kamar mai shanya kuɓewa.

"Malama, me suka yi ta hayaniya a kai jiya har ina jiyo su?"

Malama take ce mini don ba a raba ni da littafi. Na yi mata bayani yadda yake a littafinmu na makaranta, wannan ita ce dimokuraɗiyya, wannan ita ce jamhuriya, har da misalan ƙasashen da suke ɗaya ba su zama ɗayar ba. Ta saurara har na gama.

"Ta farkon ma jamhuriya aka ce da ita," ta ce. "An yi zaɓe, an yi rinjaye, an yi doka. Ni kuwa ruwan wanke hannu na kai. Ku masu karatu ku sa mata sunan da kuka ga dama. Ni abin da na sani, ranar da aka miƙo mini takarda aka ce in shiga bayan labule ni kaɗai, ranar na san da ni a ƙasar."

Ina mayar da katunan ne na ga wani baƙin zare a gefen matashinta, irin na ɗinkin riga, da ƙulli biyar a jikinsa. Na tambaya. Ta ce ba komai ba ne, duk watan da ya tsaya tun rasuwar Malam tana ƙulla ɗaya. Daga tsakar gida take ganinsa ta saman katanga, ba sai ta fita ba. Na Rajab, watan azumin tsofaffi, shi ne na huɗu. Na biyar kuwa, na Sha'aban, shekaranjiya ta ƙulla.

Ban san lokacin da na fara lissafi da yatsu ba. Malam ya rasu ashirin da biyu ga watan Maulidi. Wata huɗu ya kai ashirin da biyu ga Rajab. A ƙara kwana goma. Na sake yi, na sake. Watannin Bature sun fi na sama tsawo, wannan ko 'yan aji ɗaya sun sani, amma takaba da watan sama ake yin ta, Baba kuwa da na waya ya lissafa.

"Iya, ai yau ne. Ko gobe."

"Na sani."

"Kin sani kika yi shiru?"

"In faɗa wa wa? Ya tsaya gaban jama'a ya yanke rana. Ni zan buɗe baki in ce ɗan fari ya yi kuskure? Kuma a ce tsohuwa ta ƙosa ta fita takabar mijinta don ta je bin layi." Ta naɗe zaren a yatsa. Ta ce ƙarin kwana huɗu saboda Malam ba nauyi ba ne, ko shekara aka ce za ta yi. Asabar ɗin ce kawai. Wani zaɓen sai bayan shekara huɗu, ita kuma tana da saba'in da shida, Malam ma da ya fi ta ƙarfi ga shi. Ba ta ce in yi komai ba. Ta ce in rufe adakar da kyau saboda kyankyasai.

Na wuni ranar ban iya cin abinci ba. Na san abin da ya kamata: in je in durƙusa gaban Baba in ce ya yi kuskure. Na gwada faɗin kalmomin a banɗaki, a hankali, ko can muryata ba ta fita ba. Ni da ko kuɗin jarrabawa sai na bi ta wajen Umma. Na yi tunanin gaya wa Baffa Suhaib, sai na ga zai ɗauke ta kamar ya ci shari'a, ya shiga zaure yana murmushi, Baba kuwa in aka kayar da shi a gaban ƙannensa ba zai sauko ba ko da gaskiya ta fi rana fitowa.

Da la'asar na shiga ɗakin Malam, wanda ba a taɓa komai a cikinsa ba. Littafin yana kan taga. Shafin ƙarshe da hannunsa: ashirin da ɗaya ga Rabi'ul Awwal, an yi yayyafi, jikina babu daɗi. Daga nan fararen shafuka. Na zauna a kan buzunsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sannan na yagi takarda. Rubutuna na boko Baba ya san shi, yana duba littattafaina duk ƙarshen zango. Amma Malam ya koya mini ajami a wannan ɗakin, shekara uku, ni da shi, yana cewa kada in faɗa wa 'yan boko su yi mini dariya. Ban da Iya ba wanda ya sani. Da ajami na jera watannin, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da ranar da kowanne ya cika. A ƙasa na rubuta: a duba ƙananan lambobin watan Musulunci da ke ƙarƙashin manya a kalandar falo. Ban sa suna ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana kai dambu zaure. Na sa littafin, a buɗe a shafin ƙarshe, da takardar a cikinsa, a kan tire a ƙarƙashin faifai. Na ajiye, na koma bayan asabari.

Baba ne ya ɗaga faifan. Ya gane littafin nan take. Ya daɗe yana kallon shafin, ya karanta takardar yana motsa leɓe, don ajaminsa ya yi tsatsa. Ya tashi ya shiga falonsa, ya dawo da kalandar a hannu, ƙusar ma ta biyo ta. Ya miƙa wa Baba Bahago duka.

Baba Bahago ya soke allurarsa a hula. Ya ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, yana kiran watannin da sunayensu. Ya ce jiya Alhamis takabar ta cika. In ma an bi masu cewa a cike watan farko kwana talatin, to yau da hantsi, daidai lokacin da Malam ya cika, ta ƙare. Ya ce laifinsa ne shi ma, yana zaune aka yi lissafin, amma shekara sittin in yana son kwanan wata Aƙilu yake tambaya, bai saba riƙewa da kansa ba.

Baba ya ce to amma an riga an gaya wa mutane. Dangin ƙauye Talata suka sani, unguwa duka Talata ta sani. In aka gan ta gobe a layi wa zai tsaya bin gida gida yana bayanin watan sama? Kuma shekaranjiya an zauna, an ɗaga hannu, an gama.

Na ga Baffa Suhaib ya gyara zama, na ce shi ke nan, zai ɓata komai. Amma Baba Bahago ya ɗora masa hannu a gwiwa. Sai Baffa Suhaib ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Yaya, wannan ba a ɗaga masa hannu. Ko mu dubu ne."

Baba ya rufe littafin, ya shafa bangonsa da tafin hannu. Sannan ya miƙe, ya wuce ni a bayan asabari bai ko gan ni ba, ya ratsa tsakar gida. Na bi shi daga nesa. Ya durƙusa a bakin ƙofar Iya, inda ya saba.

"Iya, an yi kuskure a lissafi. Ni na yi. Kwanakinki sun cika tun ɗazu. A yafe mini."

Sai muryarta daga ciki, ba da shi take ba.

"Tayyiba, kina nan? Ce wa babanki Allah Ya yi masa albarka. Sadaka tana nan Talata, kada a tayar wa mutanen ƙauye da hankali. Ce wa uwarki ta ɗora ruwan zafi."

Na maimaita masa kalma kalma, ko da yake ya ji, don haka ake yi.

Kafin magariba ta yi wanka, an tsefe mata kai an yi kitso, an turara ɗakin. Umma ta kwaɓa lalle ta zauna sa mata. Da ta zo kan babban yatsan dama sai Iya ta janye shi. Ta ce a bar mata wannan. A wani zaɓe da ya wuce na'ura ta ƙi karanta yatsun matan da suka sha lalle, ta ga wata amarya ta yi awa uku a rana ta koma gida tana hawaye. Umma ta ce yanzu an ce na'urar har fuska tana dubawa. Iya ta ce ita ba ta yarda da an ce ba. Haka aka naɗe mata hannu da ƙafa, yatsa ɗaya a waje.

Asabar da safe ta fito cikin shuɗin zanen da Malam ya sayo mata a sallar da ta wuce, wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ta tsaya a bakin zaure tana ƙifta ido, wata huɗu rabonta da ganin titi. Na ɗauka Baffa Suhaib ne zai raka ta. Sai ga Baba ya fito da kujerar roba a hannu, ya shige gaba. Ita tana biye, ni ina bayanta da lema da gorar ruwa.

Ba mu yi taku ashirin ba Hajiya Nana ta maƙwabta ta leƙo, ta riƙe haɓa, ta ce, "Hajo? Ba Talata ba ce?"

Baba ya tsaya ya gaishe ta. Ya ce, "Ni na yi kuskuren lissafi, Hajiya. Da watan Bature na ƙirga. Ta fita tun jiya."

Daga gidanmu zuwa makarantar sau bakwai ya faɗi wannan magana. Na ƙirga. Ya faɗa wa mai kanti, ya faɗa wa dattawan da ke kan dakalin masallaci, ya faɗa wa wani da bai ma tambaya ba. Bai taɓa gajarta ta ba.

An manna sunayen masu zaɓe a bangon aji, shafi shafi, kowa da ɗan hotonsa. Iya ta ce in nemo mata nata. Na bi da yatsa har na samu. Layi uku a samansa, a shafi ɗaya, ga Malam da farar hularsa, yana kallonmu. Ba a cire shi ba tukuna. Na so in rufe da hannu amma ta riga ta gani. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta ɗora yatsan nan marar lalle a ƙarƙashin hoton, ta ɗan jima, leɓenta yana motsi. Baba ya juya baya yana gyara kujerar da ba ta buƙatar gyara.

Matan layi suka ce a bar tsohuwa ta wuce gaba. Ta ƙi, ta ce ba ta taɓa tsallake kowa ba. Ta zauna a kujerar, duk sanda layi ya motsa Baba ya zo daga na maza ya matsar da ita. Rana ta take kafin a zo kanta.

Malamar zaɓen 'yar bautar ƙasa ce, Hausarta ba ta wuce sannu Mama ba. Ta karɓi katin, ta kama yatsan ta ɗora a kan na'ura. Na'urar ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Shekara sittin na tuƙin tuwo da wanki sun cinye zanen yatsan. Yarinyar ta ɗaga na'urar za ta gwada fuska, Iya ta ɗaga mata hannu. Ta goge yatsan a shuɗin zanen, a hankali, gaba da baya, ta hura masa iska, ta ɗora da kanta. Na'urar ta yi 'yar ƙara. Yarinyar ta yi murmushi ta miƙa mata takardu uku.

Ta shiga bayan allon da ake dangwala ƙuri'a ita kaɗai. Ta daɗe, har wani ya fara gunaguni aka ce ya yi shiru. Ta fito da takardun a naɗe ƙanana, ta jefa kowace a akwatinta, tana bismilla. A kan farcen yatsan akwai tawada. Sauran tara jajaye, shi kaɗai shuɗi.

Har yau in aka tambaye ni a jarrabawa ko ƙasarmu dimokuraɗiyya ce ko jamhuriya, abin da ke littafi nake rubutawa, duka biyun, in ja layi a ƙarƙashin kowanne. Ban san fiye da haka ba. Ni ko kati ba ni da shi, saura wata biyar in kai shekarun.

A ƙarƙashin bishiyar darbejiyar makarantar suka taru, Iya a kujera, mata suna zuwa yi mata barka da fita. Baba Bahago ya iso yana tsokanarta, wai yau dai ta faɗa masa wanda ta zaɓa tunda mai tambayar ba ya nan, ta ce ya je ya tambayi akwati. Sai na ga Baba ya zaro takardar nan daga aljihun gaba. Ya buɗe ta ya nuna wa Baba Bahago. Na ji yana cewa abin da ya hana shi sukuni shi ne hannun, dubi yadda ake jan wutsiyar haruffan, sak na Malam, amma tawadar sabuwa ce. Wa ya rage a gidan da ya iya wannan?

Baba Bahago ya karɓa ya nisanta ta da idonsa. Iya ta sunkuyar da kai tana duba yatsanta kamar yau ta fara ganinsa. Na ga tsohon ya ɗago, ya fara bin fuskokin mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, daga Baffa Suhaib ya faro.

Na jingina lemar a bayan kujerar Iya, na ajiye gorar a gefen ƙafarta inda hannunta zai kai. Akwai wata 'yar ƙofa a bayan ajin 'yan ɗaya da take fita lungun masu rini. Ta nan na bi.